Yadda Marubuci Zai Kammala Aikinsa Kafin Hutu Idan Kuɗi Sun Yi Ƙaranci Kuma Mota Ta Lalace

Makonni biyu ko ukun da ke gaban kowane babban hutu su ne lokacin da al'amura suka fi cunkushe wa mai sana'ar rubutu. Wanda ya ba shi aiki yana son ya karɓi kayansa kafin a rufe ofis, iyali suna jiran abin da za a kashe, motar da ake sa ran yin tafiya da ita kuma sai a lokacin take fara wani ƙara da ba a saba ji ba. Abin da na lura da shi, a kaina da kuma a wajen abokan sana'a, shi ne mutum yakan zauna gaban rubutu da lissafin bakanike a ransa, ya je gareji yana tunanin babin da bai ƙare ba, har yini ya wuce bai gama ko ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Wannan ba rauni ba ne na mutum ɗaya. A shekarar 2013 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani bincike da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu suka yi, inda suka tare masu sayayya a wata cibiyar kasuwanci a Amurka, suka ce kowa ya yi tunanin yadda zai biya kuɗin gyaran motarsa idan ta lalace. Wasu an ambata musu kuɗi kaɗan, wasu kuma ninki goma na wancan, sannan aka ba su gwajin kaifin tunani. Masu ƙaramin ƙarfi sun yi ƙoƙari daidai da masu hali a lokacin da kuɗin gyaran ba su da yawa, amma da aka ambata musu kuɗi masu nauyi sai ƙoƙarinsu ya ragu, alhali ko sisi ba a cire daga aljihunsu ba. Tunanin kaɗai ya cinye wani kaso na hankalinsu. Marubuci kuwa hankalinsa ne jarinsa, don haka duk matakan da ke tafe an jera su ne domin a ƙwato wa rubutu wannan hankalin.

Mataki na farko: sauke komai a kan takarda

Ka ware maraice ɗaya, ka ɗauki takarda uku, ɗaya ta rubutu, ɗaya ta kuɗi, ɗaya ta mota. Sharaɗin shi ne kada ka rubuta wani abu sai da adadi da rana a gefensa. "Ina da aiki da yawa" ba ta da amfani a nan, abin da ake so shi ne sunan kowane aiki, da yawan kalmomin da suka rage, da ranar da aka yi alkawarin miƙa shi, da abin da za a biya a kansa. Haka a takardar kuɗi: abin da ke hannu, abin da ake bin ka, abin da kake bi, kowanne da ranarsa. Takardar mota za ta fi sauran gajarta, domin a yanzu alamu kawai ka sani, kamar lokacin da ƙarar ke fitowa da fitilar da ta kama a gaban sitiyari. Da ka gama za ka ga gurbi ɗaya babba da babu adadi a cikinsa, wato kuɗin gyaran mota, kuma shi ya sa za a fara da ita.

Mataki na biyu: gano ciwon mota cikin kwana biyu

Akwai dalili uku na gaggauta wannan. Gareji yakan cika da motoci idan hutu ya matso, kayan gyaran da ba a samu kusa ba sukan ɗauki kwanaki kafin su iso, kuma ba za ka iya tsara kasafinka ba alhali ba ka san abin da motar za ta ci ba.

Kafin ka je wurin bakanike, akwai abubuwan da za ka duba da kanka cikin rabin awa, da safe kafin a tayar da injin, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Zaro gejin baƙin mai, goge shi, mayar, sake zarowa, ka ga ko man yana tsakanin alamomin biyu. Idan ya koma fari-fari kamar an gauraya shi da madara, alama ce ta ruwa yana shiga cikin mai, kuma wannan ba abin ɗagawa ba ne. Duba ruwan lagireto da man birki a robobinsu, amma kada ka taɓa buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, domin ruwan yana cikin matsi kuma zai iya yin tsartuwa ya ƙona ka. Adadin iskar da ya dace da tayoyinka yana rubuce a wata 'yar takarda da akan liƙa a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, kuma ana auna ta ne taya tana da sanyi. Ƙasashe da yawa ba su yarda zanen taya ya gaza zurfin milimita 1.6 ba. A gefen tayar kuma akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021, kuma tayar da ta tsufa tana iya fashewa a doguwar tafiya ko da zanenta bai cinye ba. Kada ka manta da safaya da jak, waɗanda ba a tuna su sai an tsaya a daji.

Batir yana da sauƙin gwaji idan akwai mitar auna wuta. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna kusan bolt 12.6 injin yana kashe, idan aka tayar da injin kuma ya hau zuwa kusan 14. In bai hau ba, laifin na na'urar da ke cajin batir ɗin ne ko bel ɗinta, kuma sayen sabon batir asarar kuɗi ce kawai, domin shi ma zai mutu cikin 'yan kwanaki. Fitilun gargaɗi kuwa launinsu yana magana: ja na nufin a tsaya, musamman ta baƙin mai da ta zafin injin, ruwan ɗorawa na nufin a duba ba da jimawa ba. Fitilar injin da ke kamawa tana ɗaukewa ta fi wadda ta tsaya cak hatsari. Yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 suna da kafar da ake jona na'urar karanta matsala, kuma biyan kuɗin wannan gwaji ya fi sauƙi a kan a yi ta canza kaya bisa cinta.

A gareji, roƙi bakaniken ya raba maka abin da ya gano kashi uku: abin da zai iya jawo hatsari, abin da zai lalata wani abu mafi tsada idan aka bar shi, da abin da zai iya jira. Birki, taya, sitiyari da fitilu suna kashi na farko, kuma a ganina babu wani uzuri na kuɗi da zai sa a ɗauki iyali a motar da birkinta ba shi da tabbas. Yoyon mai, zafin injin da bel ɗin da kanikawa ke kira taimin bel suna kashi na biyu, domin a injuna da yawa idan wannan bel ɗin ya tsinke ana cikin tafiya, ɓarnar da zai yi a cikin injin ta ninka kuɗin canza shi sau da yawa. Na'urar sanyaya mota, rediyo da lotsewar jiki duk za su iya jira har bayan hutu. Ka nemi a rubuta maka kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, da ranar da za a gama, kuma ku yi yarjejeniya cewa ba za a ƙara wani aiki ba sai an kira ka. Ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire. Na taɓa barin mota a wani gareji da kalmar "a duba ta" kawai, na dawo na tarar an canza abubuwa huɗu da ban nema ba, kuma ba ni da bakin magana domin ni ne ban ƙayyade ba.

Idan kuɗin kashi na farko da na biyu sun fi ƙarfinka, akwai hanyar da mutane ke jin nauyin bi alhali ita ce mafi hankali: a ajiye motar, a yi tafiyar a motar haya ko jirgin ƙasa, ko a rage tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka yanke wannan shawara a rana ta biyu, ka rubuta ta, kada ka sake buɗe maganar.

Mataki na uku: jera kuɗi bisa nauyin abin da zai biyo baya

Yanzu gurbin nan ya cika, kana iya yin kasafi na gaskiya. Ka fara da abin da ake bin ka wanda rashin biyansa zai taɓa rayuwar gidan kai tsaye, wato haya, wuta, ruwa, magani da cefane. Bayansu sai gyaran da ya zama dole, sannan basussukan da kuɗin ruwansu ya fi yawa, a ƙarshe kuma hidimar hutun kanta. Wani abu da akan manta shi ne makon da ke bayan hutu, lokacin da aljihu ya bushe kuma ofisoshin da za su biya ka ba su gama dawowa aiki ba. Ware kuɗin wannan makon tun yanzu, ka ɗauka ba naka ba ne.

Kafin ka yi tunanin rance, ka bi haƙƙinka. Marubuta da yawa suna da kunyar tambayar kuɗin aikin da suka riga suka yi, alhali masu biyan ma sau da yawa mantuwa ce ko takarda ta maƙale a teburin wani. Ka aika saƙo gajere mai ladabi, ka ambaci aikin da ranar da ka miƙa shi da adadin kuɗin, ka tambayi ranar ƙarshe da sashen kuɗinsu zai yi biya kafin hutu. Wannan ranar ta fi ranar wa'adin rubutun muhimmanci a wajenka, domin aikin da ya isa bayanta kuɗinsa sai an dawo. Idan aikin da ke hannunka babba ne, babu laifi ka nemi kafin alƙalami ko a biya ka kuɗin sashen da ka kammala.

Rancen gaggawa, musamman na manhajojin waya, shi ne inda na fi son mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. Sukan faɗi kuɗin ruwa na wata ɗaya domin ya yi kama da ɗan kaɗan. Kashi 10 cikin ɗari a wata ya zama kashi 120 a shekara, idan kuma ruwan yana hawa kan ruwa ya haura kashi 200. Wanda zai ci irin wannan bashi domin gyaran birkin motar da yake neman abinci da ita yana da hujja, matuƙar ya san ranar da kuɗin biya za su shigo. Wanda zai ci domin kyaututtuka da fita kunyar jama'a kuwa zai shafe watanni yana rubutu domin biyan mako guda. Gara a zauna da mutanen gida a gaya musu adadin da ke akwai a fili, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma yawanci sun fi yadda ake zato fahimta idan aka gaya musu da wuri.

Daga nan ka ba lissafin kuɗi lokaci ƙayyadadde, minti ashirin da yamma. Duk abin da ya faɗo maka a rai game da kuɗi a lokacin rubutu, ka rubuta shi a gefen takarda da kalma biyu, ka bar shi ya jira yamma.

Mataki na huɗu: auna rubutun da kwanakin da ke akwai

Koma kan takarda ta farko ka raba ayyukan: wanda ake jira kuma za a biya, wanda ka yi alkawari amma zai iya ɗaguwa, da wanda naka ne na ƙashin kai. Wannan na ukun shi ya fi wuyar ajiyewa, domin yawanci shi ne wanda zuciya ta fi so, amma littafin da babu mai jiransa a wata rana ba zai lalace ba don ya kwana mako uku.

Sannan ka yi lissafi ba tare da yaudarar kai ba. A ce saura kwana 21, kuma kalmomi 9,000 suka rage. Cire kwana uku na ƙarshe domin tacewa da aikawa, kwana biyu da mota za ta ci, da kwana uku na hutawa da hidimar da ba a tsara ba. Saura kwana 13, wato kusan kalma 700 a kullum. Yanzu duba abin da ka saba rubutawa a ranakun da suka wuce, ba ranar da ka fi ƙwazo ba. Idan 500 ne, abin da za ka iya shi ne 6,500, kuma akwai giɓin 2,500 da fata ba zai cike ba. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a tun 1979: mutane sukan rage lokacin da suke zaton aiki zai ci, ko da sun sha yin irinsa ya ɗauke su fiye da haka. Maganin da suka nuna shi ne a dogara da yadda ayyukan baya masu kama da shi suka kaya, a bar abin da rai ke raya wa mutum.

Giɓin nan hanya biyu ce ke rufe shi, ko a rage aikin ko a ƙara wa'adi, kuma duka biyun suna buƙatar magana da mai aikin yau, ba ana gobe wa'adi ba. Edita da aka sanar saura mako biyu yana da damar sauya tsarinsa, wanda aka sanar a daren ƙarshe kuwa an jefa shi cikin matsala, kuma zai tuna da hakan idan wani aikin ya taso. Kada ka cika saƙon da labarin mota da bashi. Faɗi abin da za ka miƙa a ranar da aka yi alkawari, da ranar da sauran zai biyo baya, ka tambaye shi wane sashe ya fi buƙata da farko.

Mataki na biyar: tsare awannin rubutu

Zaɓi awa biyu ko uku da hankalinka ya fi kwanciya, ga yawancin mutane da sassafe ne, kafin a buɗe gareji da banki su fara kira. Wayar ta kwana a wani ɗaki, kuma ka gaya wa bakanike lokacin da zai same ka. Wanda zama ke yi wa wuya zai iya gwada tsarin da Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, na yin aiki minti 25 a huta minti biyar. Amfaninsa a irin wannan lokaci shi ne mai damuwa ba ya iya yi wa kansa alkawarin awa uku, amma yana iya yin na minti 25.

Kafin ka ci gaba da rubutun, ka jera sassan da suka rage, kowanne da jimla ɗaya da ke faɗin abin da zai ƙunsa, domin yawan tsayawar marubuci rashin sanin abin da zai faɗa ne. Ba dole ba ne ka bi su a jere, fara da wanda ya nuna a kanka. Inda ka rasa wata shekara ko suna ko adadi, sa alamar da za ka iya nemowa daga baya, ka wuce, domin shiga intanet neman abu ɗaya yakan cinye rabin awa. Kada ka koma gyara shafukan jiya. Sake goge babi na farko yana da daɗi kuma yana kama da aiki, amma ba ya matsar da kai kusa da ƙarshe ko taku ɗaya. Idan lokacin tashi ya yi, bar wa kanka layi ɗaya da ke faɗin inda za ka ɗora gobe.

Za a sami ranar da komai zai rushe, a kira ka cewa kayan da aka kawo ba su dace da motar ba, ko kuɗin da aka yi maka alkawari ba su shigo ba. A irin wannan rana ka rubuta ko da kalma ɗari biyu ne, domin zaren kada ya tsinke, kuma kada ka ɗora wa gobe ninki biyu. Kwanaki ukun hutawa da hidimar da ba a tsara ba da ka ware tun farko domin wannan aka ware su. Rage barci kuma ba riba ba ce, ga rubutun da kuma ga tuƙin da ke jiranka.

Kowane dare ka adana aikin a wuri uku: a kwamfutarka, a wata ma'ajiya daban kamar filashi, da kuma a intanet ko ta aika wa kanka imel. Kwamfuta ma na'ura ce kamar mota, ba ta sanar da ranar da za ta tsaya.

Mataki na shida: tacewa, miƙawa da gwajin mota

Idan daftarin ya kammala, bar shi ya kwana, sannan ka bi shi sau uku, kowane bi da manufarsa. Na farko domin tsari, ko akwai sashen da ya maimaita wani ko wanda ya kamata ya gabata. Na biyu domin cike alamomin da ka bari da tabbatar da sunaye da shekaru da adadi, kuma wannan ne bai kamata a yi masa gaggawa ba ko da lokaci ya ƙure, domin jimla maras daɗi ana yafe ta, amma kuskuren adadi yana bin sunan marubuci. Na uku ka karanta da babbar murya, kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Aika aikin kwana ɗaya kafin wa'adi, tare da takardar neman biya a saƙo guda, ka nemi a tabbatar maka sun isa kuma fayil ɗin ya buɗe.

Motar kuma ka karɓe ta aƙalla kwana biyu kafin tafiya, ka tuƙa ta na kusan rabin awa a hanyar da za ka iya ɗan yin gudu da taka birki, kana lura da allurar zafi. Ajiye ta a wuri mai tsabta, da safe ka duba ƙarƙashinta ko akwai ɗigon mai ko ruwa. Idan an cire tayoyi, a sake ɗaure notocinsu bayan an yi 'yar tafiya. Duba ranar ƙarewar lasisi da inshora a daren nan, domin ofisoshin sabunta su ma suna rufewa.

Aikin da ka ɗage kuwa kada ka rufe shi haka kawai. Buɗe shi na minti goma, ka rubuta a samansa inda ka tsaya, da abubuwa uku da za ka fara da su, da ranar da za ka dawo kansa, sannan ka sa wannan ranar a kalandar wayarka tare da ranar da za ka tuntuɓi waɗanda ba su biya ka ba.